Kusurwar Mama

Da bakinsa Baba ya ɗaure kansa, babu wanda ya sa shi. Muna zaune a tsakar gida ranar da aka gama auna shinkafar bara, buhu huɗu da ɗan guntu a gonar da a da take ba da ashirin, sai Yaya ya sake ɗauko maganar da ya saba ɗaukowa. Wani mai bulo yana son gonar saboda jar ƙasarta mai danƙo, gwiwar Baba kuma ta ƙi, gara ya koma birni wurinsa ya zauna da jikoki ya huta.

Baba ya ajiye cokali ya ce, "Na ji. Ka ba ni damina ɗaya. In ban ɗaure buhu goma ba, gona taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Ka kawo mai bulon naka ya haƙe ta har ya tarar da ruwa."

Duk wanda ya san Baba ya san in ya furta magana ba ya janye ta, ko da ita ce ajalinsa. Yaya ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu. Shi ne ya tsamo Baba daga cikin taɓo ranar da gwiwar ta lanƙwashe da shi a tsakiyar gona, kuma tun daga ranar hankalinsa bai kwanta ba. Amma ni na san abin da Yaya ya ƙi yarda da shi: in aka raba Baba da gonar nan aka ɗora shi a kujera gaban talabijin, ba zai shekara ba.

A unguwa Na-Zamani ake ce wa Baba, kuma da guminsa ya samo sunan. Shi ne mutum na farko a duk kwarin da ya zuba takin buhu a gonar shinkafa, lokacin da sauran manoma ke cewa zai ƙone ƙasa. Salfa ake kiran takin, fari ne tas kamar gishirin miya. A shekarar farko shinkafa ta yi har ta kwanta don nauyi, aka ba shi kyautar wani shuɗin kofin tangaran mai zanen zangarniya a gasar manoma. Kofin bai yi shekara biyu ba ya ɓace daga kan kanta, kuma da yake a ranar ne tela ya zo gwada masa riga, Baba ya yanke hukunci shi kaɗai a ransa. Bai taɓa tuhumar mutumin a fili ba, amma shekara talatin da wani abu ke nan yana kai ɗinkinsa wata unguwa.

Tun daga lokacin babu mai shiga tsakanin Baba da salfa. In amfani ya ragu, sai ya ƙara buhu. In ya sake raguwa, ya sake ƙarawa. Kashin dabbobi kuwa ko kusa da gonarsa ba ya bari a kai, wai shi ke kawo irin ciyawa. Karan shinkafa da aka buge, sai ya kira masu shanu su kwashe shi tas, ya bi bayansu da manjagara. Gonar Baba ta fi ɗakin wasu mutane tsafta, kuma da wannan yake taƙama.

Mama, Allah ya jiƙanta, sana'arta turara shinkafa. Manyan tukwane uku take ɗorawa a bayan gida, da buntu take hura wuta, wato ƙaiƙayin da inji ke fitarwa. Kullum sai toka ta cika daro, ta haɗa da sharar akurkin kaji da ɓawon ƙwai. An ce sau ɗaya, tun ba a haife ni ba, ta ce wa Baba ko za a riƙa zuba tokar a gona, haka ta ga ana yi a gidansu. Ya yi dariya ya ce, "Mu da muka ci gaba za ki mai da mu baya? Ki kai juji." Ta ce, "To." Daga nan maganar ta zama ta kullum. In ya ga daron a bakin ƙofa sai ya ce ki kai juji, ita kuma ta ce to, ta ɗora a kai ta fita. Mama ta iya faɗin kalmar nan kala goma, amma ban taɓa jin ta ƙara wata a bayanta ba. Shi kuwa Baba ban taɓa jin ya ce wa ɗan'adam to ba. Sai dai "na ji", ko "za mu gani", ko "ke kika sani".

Ni ce auta, ina aiki a ɗakin awon ƙasa na kwalejin noma. Kada a ɗauka wata babba ce ni a can. Kwalabe nake wankewa, ina shanya ƙasa, ina niƙa ta a ɗan turmin tangaran, ina tankaɗewa, ina manna lamba. Amma shekara shida ina kallon ƙasar gonakin mutane tana shigowa a leda tana fita da takardar magani, ta ubana ban taɓa kawowa ba, don na san amsar da zai ba ni. Wannan karon ban nemi izini ba. Ranar Asabar na ɗauki ledoji biyar da ƙaramar fartanya na tafi.

Gonar fangali goma sha biyu ce, tana gangarawa daga bakin hanya zuwa rafi. Da damina in ka tsaya a kan kunya za ka ga wani maiƙo-maiƙo yana yawo a saman ruwan, ƙasansa kuma ja kamar an wanke tsohuwar tukunyar ƙarfe. Shinkafa takan taso da kyau mako uku, sannan ganyen ya fara yin tsatsa daga baki, ta tsaya cak ba ta haihuwa. Baba ya sa wa abin suna ciwon ganye, yana ta fesa masa maganin ƙwari. Wuri ɗaya ne ya fita daban, fangalin da ke kusurwar sama, kusa da hanya, inda wani mangwaro yake. Nan shinkafa kullum kore shar take. Cikin buhu huɗun bara, kusan biyu daga nan suka fito. A gindin mangwaron Mama take zama in ta kai masa abinci, shi ya sa muke kiran wurin kusurwar Mama, Baba kuma yana cewa albarkarta ce ba ta tashi ba.

Ina tsugune ina kankaro ƙasa sai ga shi da sandarsa.

"Auta, me kika binne a gonata?"

"Ƙasa zan kai a duba, Baba."

"Zazzaɓi take yi?"

"Shi za mu gani."

"Shekara arba'in ina taka ta, ba ta gaya mini ba, sai ke za ta gaya wa a kwalba." Ya faɗi haka, amma bai hana ni ba, har ya nuna mini da sanda inda ya fi lalacewa. A nan na gane shi ma tsoro yake ji.

Shugabarmu a wurin aiki Dakta muke ce mata, wata gajeriyar mata mai tabarau da igiya. Bayan kwana huɗu ta ƙwala mini kira daga ofishinta.

"Ke, zo nan. Kin haɗa mini ƙasar wani da ta babanki."

"Wallahi ban haɗa ba, Dakta."

"Huɗu suna faɗin abu ɗaya, ta biyar tana faɗin wani. Waɗannan ba daga gona ɗaya suka fito ba."

Raina ya ɓaci, don a aikin nan lamba ce mutuncina. Na koma na sake ɗebo ta kusurwar, ta auna da hannunta, sakamako ya fito yadda ya fito da fari. Ta cire tabarau ta ba ni haƙuri, sannan ta ce in zauna.

"Ƙasar babanki ta yi tsami," in ji ta. "Tun asali tana da shi, salfa kuma kowane buhu ƙara mata yake yi. In tsami ya yi yawa, ƙarfen da ke cikin ƙasa sai ya narke ya shiga ruwa, shi ne jan da kike gani. Saiwa ta sha har ta shaƙe. Abincin da ke gina saiwar kuma yana nan a ƙasa, amma tsamin ya ɗaure shi, shuka ba ta iya ɗauka. Yana ƙara taki ne a bakin da ba ya iya haɗiya."

"Ta biyar fa?"

"Ta biyar wani ya daɗe yana ciyar da ita. Ba aikin shekara biyar ba ne, ba na goma ba."

Na ce ko ganyen mangwaro ne da ke zuba a wurin. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mangwaro mai irin wannan ƙoƙarin ba. Ya kamata in gane a ranar, amma ban gane ba. Mutum yakan ga abu kullum har ya daina ganinsa.

Ta rubuta mini magani a takarda, ta ce ba abu ɗaya ba ne zai ta da gonar, sai an haɗa su. A watsa farar ƙasa a yi kaftu da ita mako uku kafin dashe, don ta kashe tsamin. A kawo ruɓaɓɓen takin dabbobi, wanda ya daɗe har irin ciyawar cikinsa ya mutu. A riƙa mayar da karan shinkafa da tokar buntu cikin gona. A haƙa magudana a riƙa sakin jan ruwan nan ana shigo da sabo. Takin buhu kuma ba a ce a daina ba, a rage shi rabi, a raba shi uku, a bar salfa a koma wani. A ƙasan takardar ta ja layi biyu ƙarƙashin jimla ɗaya: kada a kuskura a haɗa farar ƙasa da salfa wuri ɗaya.

Na karanta wa Baba takardar tun daga sama har ƙasa. Farar ƙasa ya karɓa hannu bibbiyu, kuma na rantse don ta zo a farin buhu mai rubutu ne. Magudana ma ya yarda, ya ce ai da ma yana da niyya. Da na zo kan taki da toka sai ya ɗaga hannu.

"Gonata ba juji ba ce."

"Baba, Dakta ta ce in ba a haɗa duka ba..."

"Dakta ta taɓa cire ciyawa da gwiwa ɗaya?"

"Salfar fa?"

"Salfa ce ta aurar da yayanki, ita ta kai ki makarantar da kike zuwa kina karanto mini takarda. Ke kika sani."

Na yi magiya, na yi fushi, na kwana biyu ban kira shi ba, duk a banza. Muka watsa farar ƙasa, aka haƙa magudana, aka yi dashe. Kuma abin ya nuna. Mako na huɗu ya wuce ganye bai yi tsatsa ba sai ɗan nan da can, ruwan ya fara washewa. Baba ya dawo da tafiyarsa ta da, yana tsayawa a bakin hanya yana yi wa masu wucewa bayanin tsamin ƙasa kamar shi ya gano shi. Ban damu ba, ya ɗauki ladan duka in dai buhu goma za su fito.

Ranar Asabar ɗin da za a zuba takin farko na iso gida da hantsi, na tarar da ƙofar ɗakin ajiya a buɗe. Baba yana zaune a kan kujerar tsuguno a bakin ƙofar, hawaye yana bin fuskarsa har gemu. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba. Ranar da Mama ta rasu, shekara uku da suka wuce, ido a bushe ya karɓi gaisuwa. Na yar da jakata na durƙusa a gabansa.

"Baba, lafiya? Wa ya rasu?"

Kafin ya amsa warin ya doke ni, wani wari mai hawa kai kamar na tsohon makewayi, idanuna suka kawo ruwa nan take. Na leƙa ciki. A kan tamfol ga tulin farin gari. Rabin buhun farar ƙasa da ya rage ya juye a kan salfarsa, buhu uku cif, takin daminar gaba ɗaya, ya cakuɗa da shebur, ya yayyafa ruwa don kada iska ta kwashe ƙurar.

"Kin ji ƙarfi?" ya ce yana share ido, yana murmushi. "Na ce tunda kowanne yana aiki shi kaɗai, in sun haɗu fa? Kuma tafiya ɗaya ce a kan gwiwar nan maimakon biyu."

Ƙarfin da yake ji shi ne ƙarfin takin yana fita ta taga. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito har yau ina jin kunyarsa. Na ce, "Shekara arba'in kana kashe gonar nan da hannunka, yau kuma ka kashe takin. Layi biyu aka ja maka, Baba, layi biyu!"

Murmushin ya tafi. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya dubi tulin, ya dube ni, ya dafa sanda ya miƙe a hankali ya shige ɗakinsa. Na tsaya ni kaɗai ina kuka, rabi na warin rabi na kaina. Tsoho ne mai ciwon gwiwa yana neman ya rage wa kansa sawu ɗaya, ni kuma na zo da takarda na tsaya a kansa.

Ya watsa garin duk da haka, don ba ya zubar da abu. Shinkafa ba ta yi tsatsa ba, amma ta yi fari-fari irin na yunwa a daidai lokacin da ya kamata ta haihu. Kafin in samo wani takin in kawo, lokacin ya wuce. Ta yi ciki, ta fid da kai, zangarniyar gajeru. Ranar awo ni na riƙe bakin buhu, ina girgiza shi kaɗan-kaɗan don kada ya danne. Baba ya gan ni ya ce, "Cika shi yadda ake cikawa." Buhu bakwai da daro ɗaya. Ya kusa ninka na bara, kuma a idon kowane manomi nasara ce. Baba ya ƙirga sau ɗaya, ya ce in miƙo masa waya, ya kira Yaya da kansa.

"Bakwai ne. Ka zo da mutuminka."

Suka zo ranar Lahadi da safe. Mai bulo ƙato ne mai fara'a, da shebur da diga a bayan motarsa, ya ce shi ba ya sayen ƙasa sai ya ga cikinta. Baba ya sa wankakkiyar riga ya biyo mu da sandarsa. Na ce ya zauna a gida, ya yi kamar bai ji ba. Yaya yana ta magana a hanya, yana cewa an gyara ɗakin da ke kusa da falo, an sa fanka, asibiti ma kusa yake.

Mai bulo ya fara haƙa a tsakiyar gonar. Ja wur ƙasar ta fito, ya mulmula ta a tafin hannu ya ce, "Wannan ita ce ƙasa, ranka ya daɗe. Kai shinkafa kake nema a wurinta, ita kuwa gini aka halicce ta ta yi." Ya haƙa a bakin rafi, haka. Sannan ya hau kusurwar sama, inda ya ce motocinsa za su fara shiga.

Shebur ɗin ya nutse ba tare da ya taka shi ba. Ƙasar da ta fito baƙa ce, tana wargajewa, da tana a ciki. Ya ƙara haƙawa, tsawon hannu, bai tarar da ja ba. A jikin ramin ana ganin abin layi-layi, baƙi da toka-toka, da ɗigon fari-fari a tsakani. Ya tsinci ɗaya ya murtsuke.

"Ɓawon ƙwai," in ji shi. "Af, ashe nan juji ne. Toka ce zalla da kashin kaji. Wannan ba ta bulo, sai an kankare ta an zubar kafin a kai ga ta kirki. Mota uku za ta yi, ko huɗu."

"Ba a taɓa zuba shara a gonata ba," Baba ya ce, amma muryar ba tasa ba ce.

"To wani ya zuba, ranka ya daɗe, kuma ya binne da kyau. Ga shi nan."

Ya sake kai shebur, sai muka ji ƙaras. Ya sa hannu ya zaro wani abu ya goge a wandonsa. Guntun tangaran ne shuɗi, da rabin zanen zangarniya a jiki, mariƙin yana nan bai karye ba.

Baba ya miƙa hannu aka ba shi. Ya daɗe yana juya shi. Ni kuwa ina kallon Yaya, wanda ya haura arba'in, mai 'ya'ya huɗu, ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

"Ni na fasa shi, Baba," ya ce. "Ina so in sha ruwa da shi sau ɗaya, ya suɓuce. Mama ta share ta zuba a daron toka, ta ce in yi shiru, za ta kai shi inda ba za ka taɓa dubawa ba."

Mai bulo ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye. A lokacin ne abin ya haɗu a kaina. Juji yana can gaba da gonar, hanya ɗaya ce. Kullum Mama takan fita da daro a kai da ƙaramar fartanya a hannu, wai don kare kanta daga macizai, ta dawo daron babu komai. Shekara talatin da ɗaya tana turara shinkafa. Ba ta taɓa kai tokar juji ba, kuma ba ta taɓa musu da shi ba. Abin da ƙarfinta ya iya ɗauka fangali ɗaya ne, shi ta riƙe. A shekarun nan da gona ta juya masa baya, shinkafar da muke ci rabinta daga daron Mama take fitowa, yana cewa albarka.

Baba ya jingina sandarsa da mangwaro, ya dafa kafaɗata ya sauka a kan gwiwar da likita ya hana shi lanƙwasawa. Ya sa hannu cikin ramin ya ɗebo ƙasar ya kai hanci. Wannan karon babu warin da za a ɗora wa laifi.

"Kullum sai na ce mata ta kai juji," ya ce. "Kullum."

Can ya share fuska da hannun riga ya ƙara da cewa, "Shi kuma tela, bawan Allah, ko sau ɗaya bai tambaye ni abin da ya yi mini ba."

Mai bulo ya yi gyaran murya ya ce in an shirya, shi gobe ma zai iya turo mota ta fara da nan. Baba ya gyaɗa kai bai ɗago ba. "Na riga na yi magana. Bakwai ba goma ba ce. Ku yi da shi."

Yaya ya karɓi shebur daga hannun mai bulo. Na ɗauka zai miƙa masa ne su tafi mota, sai na ga ya fara mayar da baƙar ƙasar cikin ramin, a hankali, yana tattaro wadda ta warwatse da gefen takalminsa mai tsada.

"Baba, ka ce in ba ta kai goma ba gona tawa ce, in yi yadda na ga dama. Haka ne?"

"Haka na ce."

"To na karɓa. Malam, ka yi haƙuri, mun ɓata maka safiya, ba ta sayarwa ba ce." Ya juyo wurin Baba. "Ina da gona yanzu, ban iya noma ba. Ina neman wanda zai kula mini da ita. Zan ɗauki masu shiga taɓo, shi nasa ya zauna a gindin mangwaron nan ya nuna da sanda. Sharaɗina ɗaya ne, takardar Auta za a bi, daga sama har ƙasa."

Takardar tana jakata, ta yi laushi don ninkewa, amma ban buƙaci ɗauko ta ba. Na tsuguna kusa da Baba, na rage murya, don ban manta yadda na ɗaga ta a bakin ɗakin ajiya ba. Na ce karan bana ba za a ba masu shanu ba, sai dai su kawo mana taki mu ba su rabi. Na ce matan da suka gaji tukwanen Mama suna zubar da tokarsu a banza, za mu riƙa karɓa. Farar ƙasa da lokacinta, takin buhu da nasa, ba za su sake haɗuwa a tamfol ɗaya ba. Na ce Dakta ta ce sauran fangali goma sha ɗayan ba za su zama kamar wannan a shekara ɗaya ba, ko biyu, sai an yi haƙuri ana zubawa kaɗan-kaɗan.

Ina jira in ji "za mu gani". Baba yana nan a durƙushe, guntun kofi a hannu ɗaya, baƙar ƙasa a ɗayan, yana kallon inda Mama take zama.

Ya ce, "To."